Yaushe Rabonka Da Ka Ga Makaɗi Yana Gumi?

Wannan makon na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tambaya ce nake son kowa ya yi wa kansa tsakani da Allah: yaushe rabonka da ka zauna gaban makaɗi, kana kallon hannunsa a kan fata, kana ganin gumi na tsatstsafo masa a goshi, shi kuma yana kallon idonka yana auna ko abin da yake yi ya shige ka?

Ku dubi yadda bikin aure ya koma a Gusau da Funtuwa da Kano. Mawaƙi zai iso a mota mai baƙin gilashi, ya miƙa wa mai sauti filashi ko wayarsa, ya karɓi makirfo, a saki waƙar da ya riga ya ɗauka a situdiyo, shi kuma ya dinga motsa baki yana zagaya amarya ana yi masa liƙi. In janareta ya mutu, waƙa ta mutu. Sai ka ga mutum tsaye da makirfo a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Wannan shi muke kira wasa yanzu, har mu biya kuɗi masu kauri a kansa.

Ra'ayina, wanda na san wasu za su ce na sha rana, shi ne: kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira jaz, wanda yawancinmu ke ɗauka hayaniyar Turawa ce marar kai da gindi, ya fi kusa da kiɗan Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo fiye da yawancin waƙoƙin fiyano da ake rerawa da harshen Hausa a yau. Kuma mutum ba zai gane haka a rediyo ko a waya ba, sai ya je inda ake yin sa ido da ido.

Ga wanda bai san shi ba, jaz ya taso ne a birnin New Orleans na kudancin Amurka wajen farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A birnin akwai wani fili da ake kira Congo Square, inda tun zamanin bauta bayi ke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin ta gida. Daga baya jikokinsu suka samu kayan busa na sojan Turawa da fiyano, suka zuba musu abin da ke cikin jininsu. An fara ɗaukar jaz a faifai a 1917. Yau kuwa har hukumar UNESCO ta ware masa rana tun 2011, wato 30 ga Afrilu na kowace shekara.

Ni na gan shi ne a Legas, 'yan shekaru kafin annobar korona ta 2020. Na sauka wurin wani ƙanena, ɗan baffana, da ke sana'ar gwari a kasuwar Mile 12, sai wani abokin cinikinsa Bayarabe ya ja mu zuwa bikin jaz na ƙasa da ƙasa da ake yi a birnin, wanda aka faro a 2008. An yi na wannan shekarar a Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da ke titin Broad, wanda aka mayar wurin shaƙatawa. Wato inda a da ake jin kukan fursuna, nan aka kafa dandamali.

Rukunin da ya fi tsaya mini a rai mutum shida ne. Akwai mai busa saksafon, wani lanƙwasasshen abin busa na tagulla, da mai ƙaramin kakakin Turawa, da mai fiyano, da mai jerin ganguna, da wani mai wata ƙatuwar garaya da ta kai tsayin mutum, a tsaye ake kaɗa ta da yatsu. Na shidansu kuwa kalangun Yarabawa ne rataye a hammatarsa. Suka fara gaba ɗaya da wani ɗan gajeren sauti mai daɗi, suka maimaita shi sau biyu har ya zauna a kunnen kowa. Daga nan sai sauran suka sassauta, mai saksafon ya matso gaba shi kaɗai, ya ɗauki wannan sautin ya shiga juya shi. Ya ja shi sama, ya dawo da shi ƙasa, ya karya shi gida biyu, ya tafi da shi nesa har ka ce ya ɓata, sai kuma ka ji ya faɗo daidai kan bugun ganga kamar wanda ya auna da igiya. Jama'a suka tafa masa a tsakiyar kiɗan, ba su jira a gama ba. Ya ja baya, mai fiyano ya karɓa.

Ƙanen nawa ya ɗan jure, can ya raɗa mini, “Yaya, wai yaushe za su fara waƙar?” Na ce ya bari mu gani. Ba a jima ba mai kalangu da mai saksafon suka fuskanci juna. Wannan ya busa 'yar gajeruwar magana, wancan ya mayar masa da ita a kan fata, har da ƙari. Wannan ya sake jefo wata mai wuya, wancan ya yi shiru na ɗan lokaci, ya dube shi sheƙeƙe, sannan ya mayar da ita a hankali kamar mai kwaikwayon tafiyar gurgu. Wuri ya kaure da dariya. Sai ga ƙanen nawa yana dukan cinyata yana cewa, “Yaya, wanga mai kalangu habaici shi ka yi ma mai busa!” Mutumin da ko kalma ɗaya ba a rera masa ba, ga shi yana fassara mini abin da ake faɗi.

Wani abu kuma da na lura da shi: ana tsakiyar wasa sandar mai ganguna ɗaya ta suɓuce ta faɗi. Bai tsaya ba, ya ci gaba da hannu ɗaya da ƙafafu, mai garaya ya ƙara nauyin nasa bugun ya rufa masa asiri har ya zaro wata. Ba wanda ya yi wa wani magana, da ido kawai suka gama. Bayan na dawo gida na nemi irin wannan kiɗa a waya na saurara. Da daɗi, amma kamar a nuna wa mai jin yunwa hoton tuwo ne.

To, jama'a, wane ne a cikinmu da ya tashi a ƙasar Zamfara zai ce wannan tsari baƙo ne a wurinsa? Ɗan gajeren sautin nan da suke farawa da shi, suke komawa gare shi bayan kowa ya yi nasa, ai shi ne gindin waƙa. Abin da kowane makaɗi ke ƙirƙira a tsaye, su ne ɗiyan waƙa. Wanda ya karanta Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya san waɗannan kalmomi. Wanda bai karanta ba ma, in dai ya taɓa sauraron Ɗanƙwairo da yaransa, ya ji yadda jagora ke jefa magana ya bar ta a rataye, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, wani lokaci a yi ta karɓeɓeniya har ka rasa wa ya fara wa ya ƙare. Ba takarda a gabansu. Abin da ke riƙe da su shi ne shekarun da suka yi suna sauraron numfashin juna.

Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ai da wannan ya gagara. Yana cikin waƙa wani ya shigo fili, nan take zai saƙa shi a ciki, da garinsu da sana'arsa, masu kalangu kuma ba su yi tuntuɓe ba. Shi ya sa in ka tara kaset-kaset na Bakandamiyarsa za ka ji kowanne da irin tafiyarsa. Wanda ya halarci wasan Shata a wani dare ya ji abin da ba wanda zai sake jin irinsa sak, har shi Shatan kansa. Abin da mutanen Legas suka sayi tikiti don su samu ke nan a wancan dare.

Na san abin da za a fara ce mini: Bahaushe magana yake bi a waƙa, kiɗan da ba baiti ba ya ɗaɗa shi da ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, don mu mutane ne masu son azanci, kuma da wuya a tara mu awa biyu a kan busa zalla. Amma a je filin dambe a gani. Mai kalangu zai kaɗa taken ɗan dambe ba tare da ya buɗe baki ba, ka ga ƙato ya miƙe yana tsuma, jikinsa na rawa. Wa ya yi masa magana? 'Yan tauri fa? Mahauta fa? Algaitar da ake busa wa sarki, ai duk bafade ya san abin da take cewa. Kunnen da ke jin maganar fata da busa muna da shi tun kaka da kakanni, barin amfani da shi muka yi har ya toshe.

Su masu jaz ɗin kuwa sun daɗe da sanin akwai danginsu a nan. A watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, Louis Armstrong, mai busa kakakin da ya fi kowa suna a duniyar jaz, ya zo Nijeriya da rukuninsa, kuma akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, manyan masu jaz irin su Sun Ra sun yi wasa a Legas. Amma wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Yusef Lateef.

Wannan bawan Allah an haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya karɓi Musulunci tun yana saurayi, ya kuma zama ɗaya daga cikin gwanayen saksafon da sarewar Turawa na zamaninsa. Yana da shekara sittin da ɗoriya, da sunansa da komai, ya tattara ya taho Zariya a 1981, ya zauna har 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Me ya zo nema? Babban abin da ya sa a gaba shi ne sarewar Fulani, wannan dai da makiyayi ke busawa a bayan shanu. Ya zauna da makaɗanmu, ya yi faifai da makaɗan ƙasar nan a 1983 mai suna In Nigeria, sannan shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Abin dariya, shi kansa ba ya son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan na raini ne. Wannan kam mu marubuta mun san zafinsa, mu da aka laƙaba wa littattafanmu “adabin kasuwa” tun shekarun 1990. Jaz ma a gidajen rawa da mashaya ya yi ƙuruciyarsa, masu ilimi na toshe hanci, yau ga shi ana ba da digiri a kansa.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum ya ƙetaro teku saboda sarewa. Mu da muka tashi a Kucheri da ƙauyukan Tsafe, sarewa ba abin da za a je jami'a nema ba ce. Da yamma in shanu sun doshi gida ana jiyo ta daga bayan gari, ba mai ko ɗaga kai. Yau yaron da aka haifa a wannan yanki cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, in ya jiyo motsi daga dajin nan ba sarewa ke zuwa masa a rai ba. Makiyayin kirki da ke busa ta, ko an sace shanunsa, ko ya yi ƙaura, ko yana tsoron a gan shi a yi masa kuɗin goro da ɓarayin daji. Cikin abubuwan da wannan masifa ta cinye mana, ba mai lissafa sarewa, don ba ta da farashi a kasuwa.

Magana ta biyu da za a kawo ita ce ta addini, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Hukuncin kiɗa fage ne na malamai, kuma sun daɗe da yin saɓani a kansa. Wanda ya bar sauraron kiɗa gaba ɗaya don tsoron Allah, ina girmama shi, ba kuma da shi nake ba. Da sauranmu nake. Mu ba kiɗa muka bari ba. A duba wayar ɗan acaɓa, da ta mai shayi, da ta uwargida a cikin ɗaki, cike suke da waƙoƙi, wasu ma baitocinsu ba za ka so 'yarka ta maimaita a gabanka ba. Abin da muka kora shi ne makaɗin da kansa, dattijon nan mai kotso ko taushi da ya gaji sana'ar daga ubansa, wanda in ya yi baitin banza a gaban manya za a tsawata masa nan take. Muka bar na'urar da ba ta jin tsawa.

Ba kuma ina zargin yaran situdiyo ba ne. Sana'a suka samu, suna ci da iyayensu, a cikinsu akwai masu murya da basira. Lissafi ne ya kai su can: fiyano ɗaya da kwamfuta sun fi arha a kan ciyar da mutum takwas da ɗaukar su a mota. Sai dai yaron da bai taɓa rera waƙa mutum shida na bin sa da kiɗa ba, ga jama'a na kallo, ba damar a goge a sake, akwai wani abu na sana'ar da bai taɓa ɗanɗanawa ba, kuma na'urar gyaran murya ba za ta koya masa ba.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ni kaina take hana ni barci. Wani zai ce, malam, mutane na kwana a daji, ana biyan kuɗin fansa, hanyar Funtuwa zuwa Gusau in ka wuce Wanzamai da Kucheri da Magazu lafiya sai ka yi hamdala, kai kuma kana zancen bikin kiɗa? Haka ne. A 2021 har layukan waya aka rufe mana, aka hana cin kasuwannin mako. Ba zan ce kiɗa zai kori ɗan bindiga ba, wanda ya faɗi haka ya yi ƙarya. Abin da nake cewa shi ne, tsaro in Allah ya yarda zai dawo, gona za a sake nomawa, kasuwa za ta sake ci. Amma tsohon da ya iya ɗaure kotso, ya san irin fatar da ake sa masa da yadda ake ɗana ta, ya san taken kowace sarauta a ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe, in ya mutu bai koya wa kowa ba, ba kasafin kuɗin da zai dawo da shi. 'Ya'yansu da yawa sun riga sun koma acaba da haƙar zinariya, kuma ba mai ganin laifinsu.

Abin takaicin, ƙasar da ake maganar ba ƙaramar ƙasa ba ce a wannan fage. Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, haifaffen Rawayya ne a ƙasar Bunguɗu. Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma duk 'yan wannan ƙasa ne. Da wata al'umma ce ke da rabin waɗannan, da tuni ta yi musu bikin shekara-shekara. Maƙwabtanmu na Nijar tun shekarun 1980 suka kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Argungu ma, bayan bikin kamun kifinta ya tsaya daga 2009, ta farfaɗo da shi a 2020.

Ni ba babban biki nake roƙo ba, irin wanda za a kafa kwamiti, a ɗinka wa manyan baƙi kaya, a kira makaɗa su yi wa mai girma kirari na minti biyar a sallame su. Irin wannan mun gani, makaɗi a wurin ado ne kawai kamar tutar da aka kafa. Abin da na gani a Legas ya bambanta ta wuri ɗaya: mutane sun zo ne don su saurara. Sun zauna, sun yi shiru inda ya kamata, sun tafa inda gwaninta ta fito. Makaɗin shi ne babban baƙo.

Wannan ba ya buƙatar fili ko dare. Zaure ɗaya ya isa, a cikin Gusau, da rana tsaka, a tashi kafin la'asar don na nesa su koma gida da haske. Jami'ar Tarayya da ke Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da masu nazarin Hausa da za su iya riƙe ragamar abin, mu marubuta kuma mu taimaka da abin da muka iya, wato tallata shi da rubuta tarihin duk wanda ya hau dandamali. Sharuɗɗa uku kawai zan sa. Ba filashi, ba waƙar da aka riga aka ɗauka, duk abin da za a ji a wurin za a yi shi. A yanka wa kowane rukuni kuɗinsa tun kafin ya zo, don kada ya ɓata rabin lokacinsa yana roƙon masu manyan riguna. Sannan a ɗauki komai a ajiye, da sunan kowane mai kiɗa da ɗan amshi, ba jagora kaɗai ba.

In abin ya kankama, sai a gayyato mai saksafon ɗaya daga Legas ko Jos, da yaro ɗaya mai fiyano daga situdiyon Kano, a zaunar da su kusa da mai kotso da mai kukuma da mai sarewa, a ba su gindin waƙa ɗaya, a ce kowa ya kawo ɗansa. Ina da yaƙinin mai saksafon zai gane wasan tun a zagaye na farko. Yaron situdiyon ne nake son in ga fuskarsa lokacin da mai kotso zai jefo masa magana ya tsaya yana jiran amsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.